Ɗanlami da Hansai, Yaran Rabin Aji

Duk shekara idan ɗaliban kwalejin horon malamai suka zo gwajin koyarwa a firamaren unguwarmu, hedimasta yakan turo su su gaishe ni. Su zauna a tabarma a soro, in tambayi kowa ajin da aka ba shi. Wanda ya samu aji shida ya faɗa da ƙarfi. Wanda aka ba ajin ƙanana kuwa sai ya faɗa yana sosa ƙeya, abokansa na dariya suna cewa shi dai ya huta, waƙa ce da tafi har a tashi. Ba na yi musu gardama. Shekara talatin da 'yan kai na yi a wannan aji, wanda a zamaninmu ake kira rabin aji, inda ake ajiye yaran da ba su isa aji ɗaya ba don su saba da zaman makaranta. Koyar da baƙi da ƙirga a wurin ba shi da wuya, da gaskiyarsu. Abin da ya cinye mini shekarun shi ne shigo da yaron da ƙafarsa ko idonsa ko kunnensa ya hana shi shigowa kamar kowa, da kuma yadda zai zauna bayan ya shigo.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba na gama firamare a Birnin Kudu, aka ɗauke ni ƙaramin malami. A lokacin mutane ba sa son boko. Sai a aika wa dagaci ya kawo yara daga ƙasarsa, shi kuma ya raba wa masu unguwanni, a ce gida kaza ya ba da ɗaya. Magidanci ya dubi 'ya'yansa, ga mai riƙe fartanya, ga mai kora awaki, ga kuma wanda shan inna ya shanye wa ƙafa yana zaune a gindin bango. Shi zai bayar. Ba ƙinsa yake yi ba, gona ce ke neman hannu. Shi ya sa ajinmu bai taɓa rabuwa da yaro mai rarrafe ba, ko wanda baƙon dauro ya taɓa wa ido, ko wanda ba ya ji sosai. An kawo su ne don a fita haƙƙin dagaci, babu wanda ya zaci za su yi wata guda.

Wadda aka haɗa ni da ita tsohuwa ce, Malama Asabe, amma duk makarantar Inna ake ce mata, har hedimasta. Ita kaɗai ce mace a cikin malamai. Ba ta da wata babbar takarda, ta dai iya karatu da rubutu, kuma ta raini yaran mutane tun ba a haife ni ba. Ranar ɗaukar sababbin yara na fara ganin aikinta. Ƙa'idar lokacin ita ce yaro ya ɗora hannun dama bisa kansa ya taɓo kunnen hagu. In ya taɓo ya isa makaranta, in bai taɓo ba a mai da shi gida. Aka zo kan wani yaro mai suna Sale, hannunsa na dama ya ƙanƙance, ƙafafun ma ba ya takawa da su. Malamin da ke riƙe da rajista ya ce a wuce da shi. Inna ta tsugunna ta ce yaron ya buɗe baki, ta ga ya yi famfara, haƙoran gaba biyu sun zube. Ta ce wannan ai ya girmi rabin waɗanda aka ɗauka. Aka rubuta shi.

Da aka tashi ranar, kowa ya watse, sai ta ce in tuɓe takalmi in naɗe wando. Ta kai ni bakin ƙofar makaranta ta ce in durƙusa, in tafi da gwiwa da hannu har ajinmu, daga nan in je randa in sha ruwa, daga nan in wuce masai. Na ɗauka wasa take yi. Saurayi ne ni a lokacin, ga sabuwar riga a jikina. Ta tsaya tana kallona har na durƙusa. Kafin in kai tsakiyar fili tsakuwa ta fasa mini gwiwa, ƙaya ta shiga tafin hannuna. Dokin ƙofar aji da kullum nake tsallakewa ban ma san da shi ba, sai da na yi dabara na haye. Randa tana ɗore a kan duwatsu, moɗa na rataye a ƙusa can sama. Masai kuwa, mai shiga da takalmi bai san abin da ke ƙasansa ba, ni da tafin hannu zan shiga.

"To ka gani," in ji ta. "Nan zai bi gobe, ya bi jibi. Kai yau kaɗai ka bi."

A makon nan muka share hanya tun daga ƙofa, muka ɗebo yashi daga rafi muka zuba, muka kwaɓa ƙasa muka yi gangare a dokin ƙofa, muka sauko da moɗa. Mai takalmin taya na kasuwa ya yanko mana guntayen taya biyu da za a ɗaura wa Sale a gwiwa, masassaƙi ya yi masa 'yan katako masu mariƙi da zai riƙa dafawa don kada hannunsa ya taɓa ƙasa. Kayan aikinmu ke nan, da alli, da ƙananan allunan dutse da muke ce wa sileti, da kwandon tsakuwa na ƙirga, da karan dawa da muke yankawa mu haɗa baƙaƙe. Babu wanda ya aiko mana da komai daga ofis, ba mu kuma tambaya ba. Sale ya gama firamare, daga baya ya yi gyaran rediyo a bakin tasha.

Abin da Inna ta fi nace mini shi ne kada in jira ranar buɗe makaranta. Yaro mai lalura idan ya fara ganin makaranta a ranar da yara suka cika ta da ihu, to ranar ce ta ƙarshe. Tun da hutu ake bin gida. Ita mace ce, kai tsaye take shigewa wurin uwa. Ni iyakata soro, kuma wanda zai fito mini uba ne. Ka tambaye shi abin da yaron ke tsoro, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ka tambaye shi yadda yake faɗa in yana jin fitsari, ya dube ka kamar ka zage shi. Uwa ce ta san wannan, ta san sunan da yake amsawa, ta san ko yana cin abinci a gaban mutane. Sai na koyi roƙon a fito mini da tsohuwar gidan, kaka ko goggo, ta zauna a bakin ƙofa ta riƙa kai tambayata ciki tana dawo da amsa. Bayan nan in kai yaron makaranta ranar Lahadi da babu kowa, ya taɓa benci, ya ga inda zai zauna, ya san hanyar ruwa da ta masai kafin idon kowa ya hau kansa.

Shekara shida na yi a ƙarƙashinta, sannan aka ba ni aji nawa a Kangire. A can na samu Ɗanlami. Baƙon dauro ya rufe masa ido yana shekara huɗu, tun daga nan uwarsa ba ta barinsa ya wuce tsakar gida. Na bi gidansu sau biyar kafin ya yarda ya kama yatsana. Na kafa turaku daga ƙofar aji zuwa masai na ɗaura igiya, ya riƙa bi da hannu. Na samo ƙaro na narka, na liƙa zaren igiya a jikin katako na yi masa baƙaƙe da lambobi yana shafawa. Ban taɓa ganin yaro mai riƙe abu kamarsa ba. Abin da na faɗa ranar Litinin, in na manta, shi zai tuna mini ranar Alhamis.

Kullum da safe nakan biya in ɗauko shi a keke, in an tashi in mai da shi. A aji na ajiye shi kusa da teburina don kada a ture shi. Lokacin tara, wato hutun safe, tare muke shan kunu a baranda, sauran yara na can suna langa. Duk wanda ya gifta kusa da shi da gudu na daka masa tsawa. Suka sa masa suna ɗan malam, suka riƙa kewaye shi kamar tukunya a kan wuta. Ni kuwa a ganina babu wanda ya kai ni iya aikin.

Bayan shekara ɗaya da rabi takarda ta zo, an mai da ni ƙasar Gwaram. Na bar wa malamin da ya gaje ni katakon baƙaƙen, na yi masa bayani, na tafi. Da hutu ya zo na biyo ta Kangire. Turakun suna nan, igiyar babu, an kwance an ɗaure awaki. Aka ce mini Ɗanlami mako biyu ya yi bayan tafiyata. Sabon malami ba shi da keke. An ce yaran unguwarsu su riƙa zuwa da shi, amma babu wanda ya san yadda ake riƙe masa hannu, tsoron taɓa shi ma suke yi, shi kuma bai san muryar ko ɗaya daga cikinsu ba. Na je gidansu, uban ya ce an kai shi wurin kawunsa can gabas. Ban sake ganinsa ba.

Na wuce Birnin Kudu wurin Inna, lokacin ta ajiye aiki. Na zauna na zayyana mata sakacin sabon malami da na iyayen yaro. Ta bari na gama, sannan ta tambaye ni wanda ke riƙe hannunsa lokacin tara. Na ce ni. Ta tambayi mai kai shi gida. Na ce ni.

"To ai ba makaranta ka shigar da shi ba," in ji ta, "wurinka ka shigar da shi. Kai ka tafi, shi ya zauna ya yi me?"

Sai ta ce a kawo mini fura.

Inda aka kai ni wani ƙauye ne kusa da Farin Dutse. Mu biyu ne malamai, ni da hedimasta, shi kuwa a Gwaram yake kwana, ya zo a babur da safe ya koma da azahar. Aka ba ni ɗan ɗaki a bayan aji inda ake ajiye tsintsiya da alli. Iyalina na bar su a gida don babu inda zan sa su. In an tashi, makarantar ta zama tawa ni kaɗai har wata safiya. Mutanen gari suna gaishe ni, suna aiko mini da tuwo, amma malamin boko ba abokin hira ba ne a lokacin. Yammacina a baranda nake yin sa, ina yanka kara ina liƙa igiya. A shekarun ne kuɗin mai ya shigo ƙasa. Waɗanda muka fara aiki tare suka riƙa ajiye alli ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tafi Kano kwangila, wancan ya shiga kamfani. In mun haɗu a tasha su tambaye ni ko har yanzu ina share wa yara majina. Sai kuma aka ce kowane yaro ya shiga makaranta. Aji ya cika har baranda. Wani ɗan kwangila ya gina mana sababbin azuzuwa masu kyau, da matakala uku a ƙofar kowanne. Kwana huɗu na yi ina ɗebo ƙasa da kwano ina cike gefe ɗaya na matakalar. A tsakanin nan Inna ta rasu, labarin bai iso ni ba sai bayan an yi sadakar bakwai.

Mummunar shekarar da na gani a aikin nan ita ce ta sanƙarau. Da bazara ya shigo, zafi ya yi tsanani, yaro ya kwanta da ciwon kai da safe, kafin la'asar wuya ya sanƙare. Aka rufe makaranta. Da aka buɗe na ɗauko rajista na fara kiran suna kamar kullum. Na kira na uku, wata yarinya ta ce ya rasu. Na kira na bakwai, aka ce ta rasu. Na rufe littafin. Tun daga ranar, in an dawo daga dogon hutu ba na kiran suna da ƙarfi, zagayawa nake yi in duba fuskoki in cika a teburina.

Cikin waɗanda suka tashi daga ciwon akwai waɗanda ya tafi da jinsu. Ɗaya ita ce Hansai, 'yar shekara shida, 'yar wani manomi Malam Buba. Da kansa ya rubuta sunanta kafin ciwon, za ta shigo rabin aji bayan hutu. Da na ga ba ta zo ba na je gidan. Ya ce in cire ta kawai. Yarinyar da a da ba a jin kunne don surutunta, yanzu in an yi mata magana sai ta zuba ido, in an taɓa ta ta yi ƙara ta yi jifa da abin da ke hannunta. Wasu na cewa iska ce ta shafe ta. Na roƙa a fito mini da kakarta, Iya Dije. Tsohuwar ta ce babu wata iska, kurumta ce, kuma abin da ke damunta shi ne maganar yarinyar ta fara lalacewa. Kalmomin da take faɗa daidai watan jiya, yanzu sai a haɗe suke fita, wasu ma ta daina faɗa. Ta ce in aka bar ta a ɗaki har kaka, bakin zai rufe gaba ɗaya. Uban ya ce shi dai ba zai hana ba, amma kada a dawo masa da ita tana kuka.

Mako uku na yi ina zuwa soron nan bayan la'asar. Ba na kiranta, ba na ko kallon inda take laɓe. In zauna da sileti in zana akuya, in goge, in zana kaza, in ajiye allon da alli a ƙasa in tafi. Wata rana na tarar an ƙara wa kazar ƙwai uku a ƙarƙashi. Daga nan ta fara fitowa ta zauna nesa. Na lura idonta a bakina yake in ina magana da kakarta, tana ƙoƙarin ganewa, amma gashin baki ya rufe mini leɓe. Na je wurin wanzami na ce ya aske shi tas. Ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Iya Dije ta nuna mini alamun da suka ƙirƙira a gida, na ruwa, na abinci, na zo, na bari. Na rubuta su a bayan rajista.

Ranar Lahadin da za a kai ta ganin makaranta ban ɗauko ta a keke ba. Na ce kakarta ta kawo ta da ƙafa, kuma a haɗo ta da 'yan mata uku na layinsu da za ta tarar a ajina. Babbar cikinsu Uwani ce, yarinya mai son ba da umarni. Na bar su suka shiga gaba, ni ina baya. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a darbejiya. Na sa Uwani ta ɗora tafin Hansai a jikin ƙarfen, wata ta buga. Hansai ta janye hannu da sauri, ta dube su, ta sake ɗorawa ta nuna a ƙara bugawa. Suka yi ta yi har sai da mai unguwa ya aiko a ji ko lafiya.

Hedimasta bai so ba. Ya ce ajin ya riga ya fi ƙarfin mutum ɗaya, in mai duba makarantu ya zo ya tarar da kurma a ciki shi za a tambaya. Na roƙe shi, ya ce zango ɗaya, in ta kawo rigima ta koma gida. Na juya babban allo ta yadda hasken taga zai faɗo a fuskata. Na hana kaina magana ina fuskantar allo, wanda ya fi komai wuya, don malami ya saba rubutu yana bayani da ƙeya. Sai in rubuta, in juyo, sannan in buɗe baki. Alamun gidansu na mai da su wasa ga ajin gaba ɗaya, in nuna su faɗi ma'ana. Kafin wata guda sun ƙirƙiro nasu da ni ma ban sani ba.

A makon farko ta ciji wani yaro a hannu har jini ya fito. Ta baya ya zo ya dafa ta, ba ta san da zuwansa ba. Uban yaron ya zo har makaranta, hedimasta ya kira ni ya ce saura sau ɗaya. Na tara ajin na sa su ɗaya bayan ɗaya su toshe kunne da yatsu su rufe ido, wani ya lallaɓo ya dafa su. Kowa ya zabura. Muka yi doka cewa Hansai ta gaba ake zuwar mata, in kana bayanta ka buga benci ko ka zagayo. Ba ta sake cizon kowa ba.

Ranar da ba na mantawa wata Laraba ce. An buga ƙararrawar komawa daga tara, yara suka ruga aji. Ta taga na hango Hansai can gefen fili ta ba da baya, tana gina ɗaki da yashi, ba ta san filin ya zama wayam ba. Hedimasta yana tsaye a barandarsa, shi ma yana ganinta. Taku ashirin ne tsakanina da ita, ƙafata har ta ɗaga. Na tsaya. Na riƙe alli ban fara darasi ba, na zuba wa gurbinta ido a tabarma. Ajin ya yi ta surutu, sannan ya fara yin shiru, suna dubana suna duban inda nake kallo. Hedimasta ya sauko daga baranda.

Sai Uwani ta ce, "Malam, ai ba ta ji ba."

Na ce, "To wa ya ji?"

Ta ce, "Mu."

Ta tashi ba ta nemi izini ba, biyu suka bi ta. Suka zagaya ta gaban Hansai suka kamo hannunta. Hedimasta ya tsaya a tsakiyar fili ya ga sun wuce shi da gudu, ya juya ya koma ofishinsa. Da zangon ya ƙare bai tayar da maganar ba, ni ma ban tuna masa ba.

Da farko in ta rubuta abu takan taho da siletinta wurin teburina, ta tsaya tana jiran in duba. In duba sau ɗaya in nuna mata ƙawayenta. In ta kawo mini gyaɗa lokacin tara, in karɓi ƙwaya biyu in nuna mata fili. A hankali ta daina zuwa. Kunun tara ni kaɗai nake sha a baranda, ina hango su. Maganarta ba ta dawo kamar da ba, amma ba ta mutu ba. In ana bitar baƙi muryarta ta fi ta kowa ƙarfi, kuma ba ta tafiya daidai da ta sauran. Suka yi dariya kwana biyu suka saba. Ta shiga aji ɗaya tare da su, kuma da yake malamai sun yi ƙaranci, ni na ci gaba da riƙe su.

Ana tsakiyar wannan shekarar takarda ta sake zuwa, an mai da ni Birnin Kudu. Wanda aka turo a madadina saurayi ne da bai daɗe da gama makaranta ba. Ban cika shi da bayani ba. Na ce ya riƙa fuskantarta in zai yi magana, sauran kuma ya tambayi Uwani. Na ɗaure kayana a bayan a-kori-kura na tafi.

Wata biyar ban ji komai ba. Babu wanda zan rubuta wa, kuma 'yan ƙauyen ba sa zuwa kasuwarmu. Bayan an gama girbi na nemi izinin kwana ɗaya, na bi motar farko zuwa Gwaram. Na ari keke wurin wani tela da na saba ba shi ɗinki, na ce masa wani zan je dubawa in dawo. Rafi ya janye, na tura keken cikin yashi na haye, na isa ana lokacin tara. Ban shiga makarantar ba. Na jingine keken a gindin wata ɗorawa a bakin gona, inda nake ganin fili ba a ganina sosai.

'Yan mata sun yi da'ira suna gaɗa. Na daɗe ina dubawa kafin na gane ta, ta ƙara tsawo, an yi mata kitso. Tana cikin da'irar tana tafi, idonta a hannun ta kusa da ita. Sai na nemi Uwani. Na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya har sau biyu, ba ta ciki. Wani mai tsinkar wake a gonar ya ce mini ai uban Uwani ya samu aikin gadi a Kano, ya kwashe iyalinsa tun damina.

Gaɗa ta watse, Hansai ta koma gefe ta tsugunna tana gyara igiyar takalminta, ta ba darbejiya baya. Wani yaro ya ɗauki ƙarfe ya buga ƙararrawa. Fili ya tashi gaba ɗaya, kowa ya nufi aji da gudu, ita tana tsugune. Na ga sun wuce ta, biyar, goma. Sai wata 'yar ƙanƙanuwa da ban taɓa gani ba, cikin sababbin rabin aji, ta karkato da gudunta ta bi ta gabanta, ta ja mata hannu ko tsayawa ba ta yi ba. Hansai ta miƙe da takalmi ɗaya a hannu ta bi ta. Suka hau gangaren ƙasar nan da na cike a gefen matakala suka shige.

Na ɗan ƙara tsayawa har na jiyo an fara bita, da wata murya guda da ta fi sauran ƙarfi. Sannan na juya keken.

Na isa Gwaram tun kafin azahar, motar Birnin Kudu tana lodi. Tela ya karɓi kekensa, ya ce ai bai zaci zan dawo da wuri haka ba, ko ban samu wanda na je nema ba ne.

Na ce na same ta, tana aji.